Kafin a Zargi Allon Rahoto, a Ƙirga Layuka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku domin jan hankalin masu haɗa rahotannin kasuwanci da manhajar Power BI ko Tableau kan wata matsala da ke yawan tada jijiyoyin wuya a ofis: akanta ya ce cinikin watan nan kaza ne, allon rahoto kuma ya nuna ƙasa da haka. Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu ke toshe ramin, su sa sifili inda babu komai, ko su rubuta adadin da hannu don manaja ya yi shiru. Wannan rufa-rufa ce, kuma da ita ake yanke shawarar sayen kaya da biyan kwamasho. Duk layin da ya ɓace yana da inda ya faɗi, kuma da ƙirga ake gano wurin.

A ɗauki rana ɗaya kacal. A ƙirga layukanta a rumbun bayanai na asali, a sake ƙirgawa bayan an jawo su cikin Power Query (sashen Power BI mai jawo bayanai da gyara su), a sake bayan an haɗa tebur da tebur, sannan a duba abin da allo ya nuna. Matakin da adadin ya fara sauka, nan ɓarnar take.

Amma kafin a wahala, a leƙa tarihin sabuntawa, wato lokutan da allo ya jawo sababbin bayanai daga rumbun. Idan sabuntawar da aka tsara ta gaza sau huɗu a jere, Power BI yakan dakatar da ita, allo kuwa ya ci gaba da nuna tsofaffin lambobi ba tare da wata alama mai ɗaukar ido ba. Sau da yawa kalmar sirrin rumbun ce ta canja, ko an kashe kwamfutar da ke sada sabar ofis da intanet.

Kwanan wata ya fi komai cin bayanai a ɓoye. Fayil ya zo da 25/03/2024, manhaja kuma an saita ta kan tsarin Amurka mai fara rubuta wata kafin rana. Babu wata na 25, don haka layin ya zama kuskure. Mai haɗa rahoto ya ga jan gargaɗi, ya danna umarnin cire layuka masu kuskure, shi ke nan duk cinikin ranar 13 zuwa ƙarshen wata ya tafi. Na ranar 1 zuwa 12 ma bai tsira ba: 04/03/2024 ya tashi daga 4 ga Maris ya koma 3 ga Afrilu, ba tare da wani gargaɗi ba. Maganin shi ne a faɗa wa manhaja tsarin ƙasar da fayil ɗin ya fito tun lokacin sauya nau'in bayanin. A kuma tuna cewa Power Query yana auna lafiyar ginshiƙi ne da layuka 1,000 na farko, sai an umarce shi ya duba duka. Kuskuren da ke layi na 40,000 ba zai bayyana a wannan awon ba.

Sai haɗin tebura. Haɗin da ke riƙe layukan da suka dace a ɓangarorin biyu kaɗai yakan zubar da duk cinikin da lambar kayansa ba ta cikin teburin kaya. Sabon kaya da ba a yi wa rajista ba ya isa ya jawo haka. Haka nan lambar 00457 da Excel ya mayar 457, ko tazara guda da aka bari a ƙarshen suna, wadda ido ba ya gani. A yi haɗin da ke riƙe dukkan layukan ciniki, sannan a tace waɗanda ba su sami abokin haɗi ba. Su ne ɓatattun. A SQL kuma (yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi), sharaɗin da ya ce a kawo duk wanda matsayinsa ba "an soke" ba ne yakan bar layukan da gurbin matsayinsu babu komai, domin gurbi maras komai ba ya amsa e ko a'a.

Idan adadi ya cika har wannan mataki, saura kan allo ne: matatar da aka manta a shafi, ko iyakar izini da ke sa ma'aikacin wani reshe ya ga layukan reshensa kawai. Akwai kuma agogo. Lissafin "yau" a sabar Power BI yana bin UTC, wato agogon duniya na bai-ɗaya, don haka daf da tsakar dare ranar allo tana iya saɓa wa ranar ofis. Masu sauke bayanai daga allon Power BI su sani cewa fayil nau'in CSV yana tsayawa a layi 30,000, na Excel kuma a 150,000, ragowar ba ya biyowa.

Ina roƙon masu wannan aiki su ware ɗan gurbi a kusurwar kowane allo mai nuna lokacin sabuntawa na ƙarshe, da adadin layukan asali kusa da adadin da aka loda.

Wassalam,
Wani mai aikin nazarin bayanai