Wanda ya biya wa kwamiti kuɗin mota, kwamitin ba zai bincike shi ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na daren Lahadi ya ɓata min rai. Awa guda baƙonku yana nanata cewa kwamitocin majalisa cin kuɗi kawai suke yi, a zabtare musu kaso, amma mai gabatarwa bai tambaye shi ko sau ɗaya ba nawa ne ke isa teburin akawun kwamiti, kuma a wane wata yake isa. Nan ne cutar take, kuma nan ne kuka tsallake.

Ba wanda ya ce Majalisar Tarayya ba ta da kuɗi. A kasafin 2024 sama da naira biliyan 344 aka ware mata, kuma kai tsaye ake cire mata daga asusun gwamnatin tarayya. Sai dai kuɗin a dunƙule suke zuwa, shugabannin majalisa ne ke yanka wa kowane ɓangare nasa. Kafin a zo kan aikin kwamiti an riga an cire albashi da alawus da motoci da gyaran gini. Abin da ya rage kuma bakuna sun yi masa yawa: a 2023 Majalisar Wakilai mai mambobi 360 ta kafa kwamitoci 134, ta Dattawa mai sanatoci 109 ta kafa 74. Ku lissafa shugaba da mataimaki a kowane kwamitin Wakilai, kujeru 268 ke nan. Rabon muƙami ne don kowa ya samu abin da zai nuna a mazaɓarsa.

Ku dubi abin da zaman jin ra'ayin jama'a guda ɗaya yake ci. Sai an buga sanarwa a jaridu, an aika wa hukumomi da ƙungiyoyi takardun gayyata, an buga kwafin ƙudurin da takardun da aka kawo, an samu masu ɗaukar bayanin zaman kalma da kalma, sannan a biya ƙwararren da zai karanta ya fitar da tsakuwa daga shinkafa. Ziyarar sa ido ta fi haka tsada, domin akwai jirgi ko mota, masauki, da injiniyan da zai auna kaurin kwalta ko ya duba ingancin rodi. Idan kuɗin ba su fito kan lokaci ba, akawu yakan rubuta wa ma'aikatar da za a je bincika cewa ta tanadi mota da otal. Ita za ta zaɓi ranar, ita za ta zaɓi aikin da za a nuna, darektanta ne zai zauna a gaban motar. In baki ya ci, dole ido ya ji kunya. Mun ga inda wannan ɗabi'a ke kaiwa a 2012, lokacin da Arunma Oteh ta hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta zargi shugaban kwamitin da ke bincikenta a bainar jama'a da neman hukumarta ta ɗauki nauyin zaman. Ya musanta, amma sai da ya sauka daga jagorancin binciken, aka miƙa aikin ga wani kwamiti.

Maganar ma'aikata ta fi ci min rai. Sashe na 88 da na 89 na tsarin mulkin 1999 sun ba kwamiti ikon kiran minista da neman kowace takarda. To, wa zai karanta takardar? Sakatariyar kwamiti galibi akawu ne da mataimakinsa da 'yan ma'aikata kaɗan da Hukumar Kula da Ma'aikatan Majalisa ta turo, kuma ana iya ɗauke mutum daga kwamitin noma a kai shi na sufurin jiragen sama. Hadiman ɗan majalisa kuwa suna tafiya ranar da ya faɗi zaɓe, da duk abin da suka koya. Ranar kare kasafi ma'aikata za ta shigo da akantoci da lauyoyi da tulin takardun da aka kawo daren jiya, kwamiti na zaune ba shi da akanta ko ɗaya. Majalisar Amurka tun 1974 ta kafa ofishinta na nazarin kasafi domin kada ta dogara da alƙaluman gwamnati. Wannan ya kamata ku matsa wa baƙonku a kai: a rage yawan kwamitoci, a buga kason kowannensu kowa ya gani, a haramta karɓar ko ruwan sha daga hukumar da ake bincika, a ɗauki akantoci da injiniyoyi na dindindin.

Sannan don Allah ku duba tallar maganin gargajiya da kuke cusawa a tsakiyar shirin. Sau huɗu aka katse magana a daren nan, har wani mai kira daga Gusau ya riƙe waya katinsa ya ƙare bai yi tambayarsa ba.

Ku sake shirin, ku gayyato tsohon akawun kwamiti ya zo da takardun kashe kuɗi na zama guda.

Naku mai saurare a kullum,
daga Zariya.