Mata ba baƙi ba ne a labaran ban tsoro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin adabi saboda wata magana da na sha ji a bakin matasanmu masu bin littattafai da finafinan Turawa. Wai rubutun ban tsoro fagen maza ne, mata daga baya suka shigo, kuma da zuwansu suka ɗauki mataccen nan mai tasowa daga kabari yana shan jinin mutane, wanda Turawa ke kira vampire, suka mai da shi saurayi, tsoro ya gudu, soyayya ta gaje wurin. Maganar tana damuna, domin tana shafe aikin mata na sama da shekara 200.

A 1816 wasu marubutan Ingila sun taru a wani gida a bakin tafkin Geneva. Aman wutar dutsen Tambora na Indonesiya a 1815 ya dagula yanayi, ruwa da sanyi suka tsare su a ɗaki, sai ɗaya daga cikinsu, mawaƙi Lord Byron, ya ce kowa ya rubuta labarin fatalwa. Daga zaman nan ne likitansa John Polidori ya fitar da The Vampyre a 1819, wanda ya buɗe wa masu shan jini ƙofa a ƙagaggen labarin Turanci. Amma littafin da ya fi kowanne rayuwa daga cikinsu na yarinya ne 'yar shekara 18, Mary Shelley, wato Frankenstein. Da aka buga shi a 1818 ko sunanta ba a sa ba. Kafin ita ma, Ann Radcliffe ta riga ta cika kasuwar Ingila da labaran tsofaffin gidaje masu firgitarwa tun shekarun 1790.

Kowa ya san Dracula na Bram Stoker, na 1897. Su nawa ne suka san cewa shekara guda kafin shi Mary Elizabeth Braddon ta rubuta Good Lady Ducayne? Labarin wata 'yar talakawa ce da tsohuwar attajira ta ɗauka aikin rakiya a kan fam 100 a shekara, ta tafi da ita Italiya. Yarinya tana ta ramewa, tana ganin rauni a hannunta, ana ce mata cizon sauro ne. Ashe likitan tsohuwar ne ke sumar da ita yana ɗibar jininta yana ƙara wa uwar ɗakin, kuma 'yan mata biyu sun riga ta mutuwa a wannan aiki. Babu kabari a nan, babu fiƙa. Akwai mai kuɗi, akwai mai neman abin da za ta taimaki mahaifiyarta, kuma ƙarfin ɗaya daga jikin ɗayar yake fitowa. Duk wanda ya san halin da 'yan aikatau ke ciki a wasu gidaje zai ji wannan labari har cikin ƙashinsa, kuma ni a wurina ya fi na gawa mai yawo tayar da hankali.

A 1897 ɗin nan Florence Marryat ta fitar da The Blood of the Vampire. Jarumarta, wata budurwa daga Jamaika, ba ta cizon kowa. Duk wanda ta ƙaunata ne ke tsotsewa har ya mutu, jariri da mijinta suna ciki, ita kuwa da farko ba ta san daga gare ta abin yake ba. Littafin yana ɗauke da ƙazantar wariyar launin fata ta zamaninsa, ba zan ɓoye wannan ba. Duk da haka ya tsaya a kan tambayar da ba a saba yi ba: yaya ita wadda ake tsoro take ji?

Tambayar ce Anne Rice ta ɗauka a 1976 cikin Interview with the Vampire, inda mai shan jinin da kansa yake ba da labarinsa. 'Yarta ta rasu a 1972 tana da shekara 5 sakamakon sankarar jini, kuma a littafin akwai yarinya ƙarama da aka mayar mai shan jini, ba ta kuma girma. Wanda ya kira wannan soyayyar 'yan mata bai karanta shi ba. Gaskiya ne wasu littattafai na baya-bayan nan sun rinjayar da soyayya har tsoron ya yi ƙaranci, amma reshe ɗaya ne, kuma marubuciyar Amurka Octavia Butler a 2005 ta yi amfani da wannan halitta wajen maganar launin fata da mallakar mutum.

Abin da ya sa na ga zancen ya shafe mu shi ne, a ƙagaggun labaran Hausa na yau mata ne ke riƙe da babban kaso na rubutu da karatu. Muna kuma da maita a al'adarmu, da kamun kurwa, da matan da aka jefa wa kalmar mayya aka guje su, wasu har aka yi musu duka. Sau da yawa a labaranmu mayya muguwa ce kawai da ake jiran asirinta ya tonu. Ina ƙishirwar karanta labarin da zai shiga ɗakin wadda aka yi wa wannan ƙazafi ya nuna tsoron daga ɓangarenta, da na 'ya'yanta da ba wanda zai aura. Nuzo Onoh, 'yar Najeriya mazauniyar Birtaniya, ta gina sunanta a kan labaran ban tsoro masu tushe a al'adun Ibo har ƙungiyar marubutan wannan fanni ta karrama ta.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne shafin adabi ya ware fili a gabatar da waɗannan mata ɗaya bayan ɗaya, kuma a gayyaci marubutanmu mata su aiko da gajerun labaran ban tsoro a riƙa bugawa.

Na gode. Allah Ya ƙara basira.

Wata mai karatu,
daga Zariya