Rabbi malami ne, ba limami ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi wani gyara. Kwanakin baya na karanta wani labarin ƙasashen waje da kuka buga, aka kira wani rabbi "limamin Yahudawa". Ba ku kaɗai ba ne, a rediyo ma haka nake ji, wani sa'in har a ce "fada", sai ka ce na Katolika. Ni tsohon malamin tarihi ne da ya ajiye alli, shi ya sa irin wannan yake min ƙaiƙayi a kunne. Kuma ba siyasar Isra'ila da Falasɗinu ta kawo ni ba, wannan wasiƙa ce ta wata rana.

Rabbi ya fi kusa da wanda muke kira malami mai fatawa, wani lokaci kuma alƙali. Da Ibrananci kalmar tana nufin "malamina" ko "maigidana", kada wani ya zaci "Ya Rabbi" ɗinmu ce. Alƙur'ani ya ambaci malamansu a Suratul Ma'ida, aya ta 44, da sunan rabbaniyyuna da ahbar, kuma da yin hukunci ya haɗa su, ba da jan salla ba. A wajen Yahudawa masu riƙo da tsohon tsari, in maza baligai goma suka taru, duk wanda ya iya karatu yana iya shiga gaba. Masu aikin hadaya na gado, zuriyar Annabi Haruna, aikinsu ya tsaya tun da Rumawa suka rushe haikalin Ƙudus a shekara ta 70 miladiyya. Daga nan ragamar jama'a ta koma hannun masu littafi: su ake tambaya kan yanka, abinci, aure, saki, gado da rigimar kasuwa.

Sai da na je Alƙahira duba ɗana da ke karatu na gane abin sosai. Ya kai ni Fusɗaɗ, tsohon garin. Muka yi azahar a masallacin Amru bin As, muka ɗan taka zuwa majami'ar Ben Ezra, wurin ibadar Yahudawa. A cikinta akwai wani ɗaki da suka yi ta zuba tsofaffin takardu na ɗaruruwan shekaru, domin su ma, kamar mu, ba sa yar da takarda mai sunan Allah a bola. A 1897 wani malaminsu, Solomon Schechter, ya kwashe gutsattsari kusan 200,000 zuwa Kambirij ta Ingila. A ciki har da rubutun hannun wani babban rabbi, Musa bin Maimun, wanda Turawa ke ce wa Maimonides.

Wannan bawan Allah a Ƙurɗuba ta Andalus aka haife shi. Iyalinsa suka baro ta bayan Muwahhidun, wata daular Musulmi daga Maroko, sun ci garin a 1148, suka zauna a Fas ta Maroko, daga baya suka yada zango a Masar. Ƙanensa Dauda ne ɗan kasuwar da ke riƙe gidan, sai jirginsa ya nutse a hanyar Indiya, da shi da dukiyar. Musa ya ƙi yarda ya ci abinci da karatun addini, don yana ganin haramun ne malami ya karɓi kuɗi a kan Attaura. Sai ya kama likitanci, har ya zama likitan Alƙali Fadil, wazirin Salahuddin.

A wata wasiƙa da ya rubuta a 1199 ya bayyana yadda yininsa yake. Da sassafe ya hau dabba daga Fusɗaɗ ya nufi fadar sarki a Alƙahira, ba zai dawo ba sai rana ta karkata, yunwa na cinsa. Ya tarar zaure cike, Yahudawa da waɗanda ba Yahudawa ba, manya da talakawa. Ya roƙi su ɗan yi haƙuri ya sa wani abu a ciki, abincinsa ke nan na yini. Sannan ya yi ta duba marasa lafiya har dare, wani sa'in a kwance yake rubuta magani don gajiya. Ranar Asabar kaɗai jama'arsa ke samunsa, su yi karatu, ya tsara musu abin da za su yi a mako. Duk wanda ya taɓa zama a zauren wani babban malami a Kano ko Zariya bayan la'asar ya san wannan cinkoson.

Tambayoyi kuma suna zuwa a rubuce, da Larabci amma da baƙaƙen Ibrananci. Tambaya a sama, amsa a ƙasa, gajeriya, ya rufe da "Musa ya rubuta". Lokacin da 'yan Salibiyya suka afka wa garin Bilbais na Masar a 1168 suka kama Yahudawa, shi ya aika wasiƙu garuruwa ana tara kuɗin fansa. Da Yahudawan Yaman suka shiga matsi, ga kuma wani ya fito yana da'awar almasihu, shi suka kai wa kuka ya rubuta musu doguwar amsa. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne batun addu'a. A al'adarsu ana yin ta a ɓoye, sannan mai ja ya maimaita a bayyane. Ya lura da zarar an shiga maimaicin sai mutane su ɓarke da hira, wasu na tofar da yawu, ga maƙwabta Musulmi na kallo. Sai ya soke yi sau biyun, ya ce a yi sau ɗaya tare.

Ya rasu a 1204, aka kai gawarsa Ɗabariyya, wani gari a bakin tafkin Galili. Na san a yau, musamman a Amurka da Turai, rabbi da yawa suna da majami'a, suna wa'azi, suna karɓar albashi, abin da shi Musa ya ƙi. Duk da haka shaidar da ake ba su ta karatu ce da izinin amsa tambaya. Don haka, Edita, ina roƙon masu fassararku su riƙa rubuta "malamin Yahudawa". Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Tsohon malamin tarihi, Tudun Wada, Zariya