Jinin da aka ɗiba, ina ya tafi?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya, ya aiki ya ƙoƙari. Na saurari shirinku na lafiya inda likita ya ce mutanenmu ba sa ba masu bincike haɗin kai, wai da an ce za a ɗibi jini sai kowa ya watse. Gaskiya ya faɗa, amma bai faɗi abin da ya jawo haka ba, shi ya sa na kasa haƙuri na rubuto.

Akwai wata ƙabila a Amurka, Havasupai, 'yan asalin ƙasar ne tun kafin Turawa su je, suna zaune can cikin kwazazzabon Grand Canyon a jihar Arizona, ba su ma kai mutum dubu ba, garinsu mota ba ta zuwa sai dai a ƙafa ko alfadari ko jirgi mai saukar ungulu. Ciwon suga ya addabe su, ana yanke wa mutane ƙafa, su da kansu suka nemi taimako. Daga 1990 masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona suka fara ɗibar jininsu, su a saninsu don ciwon suga ne kawai. Ashe an yi amfani da jinin wajen binciken taɓin hankali da auren zumunta da ma asalinsu, har aka rubuta cewa kakanninsu daga Asiya suka zo, alhali su labarin da suka gada a cikin kwazazzabon nan aka halicce su. Sai a 2003 wata 'yar ƙabilar, Carletta Tilousi, ta je sauraron wani jawabi a jami'ar ta ji ana bayani a kan jinin danginta, ta ɗaga hannu ta tambaya ko an nemi izini. A 2010 aka sasanta, aka biya dala 700,000, aka mayar musu da jinin, suka je suka karɓo shi da waƙoƙinsu da hawaye saboda wasu masu jinin sun riga mu gidan gaskiya.

Wallahi da na karanta wannan Innata na tuna. Ita ma suga take fama da shi, wata rana na raka ta asibiti muna layin awo sai ga wasu matasa da fararen riguna da takardu, suka ce bincike suke yi don a taimaki masu suga. Takarda shafi uku ce da Turanci, Inna ko boko ba ta yi ba, yarinyar ta ce "Mama ki dangwala nan kawai, ba komai ba ne", ta kama mata babban yatsa ta danna a tawada. Aka cika 'yan kwalabe biyu da jininta, aka ba ta sabulu da lemo. Ni ma da nake tsaye ban karanta ba don kunya da gudun kar a ce mun cika tsirfa a ƙi duba ta. Yau shekara nawa, ba wanda ya dawo ya ce ga abin da aka gani, kuma har yanzu takan tambaye ni, "wai jinin nan nawa me suka gani a ciki?" ba ni da amsa.

Kuma mu a Kano ai ba sai an ba mu labarin wasu ba. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, shari'a ta yi ta ja sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003 mutane da yawa Trovan suke ambata. In maye ya manta ai uwar ɗa ba ta manta ba.

Ni ba na ƙin bincike, ina so a samo wa Inna sauƙi fiye da kowa. Amma mutanen San na Afirka ta Kudu a 2017 suka rubuta nasu ƙa'idoji, duk mai son bincike a kansu sai ya zo gabansu ya yi bayani ya faɗi me za su amfana. Mu ma abin da nake roƙo ke nan, a karanta wa mara lafiya takardar da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, a gaya masa zai iya cewa a'a kuma za a duba shi kamar kowa, a faɗa masa inda za a kai jinin da abin da za a nema a ciki, in an gama a dawo unguwa a gaya mana sakamako.

Don Allah ku sake gayyato likitan, ku haɗa shi da wani daga kwamitin da ke ba da izinin bincike, ku buɗe layin waya. Inna ta ce ita ce za ta fara kira.

Mai sauraronku kullum,
daga Fagge, Kano