Rahoton Shekara na Kwamitin Filin Golf ga Membobin Kulob

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi. Ga bayanin abin da kwamiti ya yi da amanar da kuka ɗora masa a bana.

Muhawarar da ta fi cin lokacinmu ita ce ta faɗaɗa fili. Wasunku sun nemi a mayar da ramukanmu tara su zama 18, adadin da duniya ta ɗauka daga filin St Andrews na Sikotland, wanda ya rage nasa daga 22 zuwa 18 a 1764. Kwamiti bai amince ba. Abin da ke kewaye da mu gonakin maƙwabta ne, kuma kulob na ƙaramin gari ba ya da abin da zai riƙe fili ninki biyu. Sai muka gina wa kowane rami wurin bugun farko na biyu, ta wata fuskar daban, ta yadda mai zagaye na biyu zai tarar da wani nisan da wata kwanar, kamar sabon fili.

Batun kewayen rami kuwa, muna nan kan yashi. Mun san da yawa na sha'awar koriyar ciyawa irin ta talabijin, amma ita sai da ban ruwa kullum da aski a kai a kai, mu kuwa rijiyar burtsatse ɗaya gare mu, ga rani mai tsawo. Yashin da aka tankaɗe aka daddale shi ne tsarin da tsofaffin filayen Arewa suka daɗe a kai, kuma ba abin kunya ba ne. Canji ɗaya muka yi, wanda muke alfahari da shi: mun daina kwaɓa yashin da baƙin mai na mota, domin yana tsiyaya cikin ƙasa kusa da ruwan da jama'a ke sha. Yanzu man tsirrai muke sawa. Ya fi tsada, amma hankalinmu ya kwanta. An kuma sake auna bakin kowane rami ya koma milimita 108 kamar yadda dokar wasan golf ta tanada.

Damina ta yi mana ɓarna a kwarin da ya ratsa tsakiyar fili. Mun sa kwalbati, muka dasa kiri-kiri a gaɓa don ya riƙe ƙasa. Kwarin kansa ba mu cike shi ba, shi ne ke sa ɗan wasa tunani kafin ya ɗaga sanda. Itatuwan gawo ma mun hana a sare su: suna zubar da ganye da damina ciyawa ta samu rana, da rani kuma su ba mu inuwa.

Yaran da ke ɗaukar mana jaka sun fara samun horo a ranakun da fili ba kowa.

Aikin da ya rage shi ne shinge a gefen burtali, kuma sai mun zauna da makiyaya da mai unguwa kafin a kafa ko turke ɗaya. Muna roƙon waɗanda ake bin kuɗin shekara su biya kafin babban taro.

Sakatare, a madadin kwamiti