Neman Shawara: Rage Gishiri a Miya Ya Jawo Mini Zargi a Gidan Miji

Assalamu alaikum, Hajiya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya tare da abokan aikinki, ina roƙon Allah Ya saka miki da alheri bisa yadda kike sauraron damuwar iyali a wannan shiri naki. Ni matar aure ce a Sabuwar Unguwa cikin birnin Katsina, muna zaune gida ɗaya da maigida da abokiyar zamana da 'ya'yanmu, sai kuma mahaifiyarsa wadda muke kira Inna. Ina roƙon a sakaya sunana.

A bara ne aka auna maigida a asibiti bayan ya sha fama da ciwon kai da jiri, aka tarar jininsa ya haura 140 bisa 90, ma'aunin da likita ya ce daga shi ake kiran abin hawan jini. An ɗora shi a kan magani, aka kuma ja masa kunne a gabana cewa magani kaɗai ba zai wadatar ba sai an gyara cima. A wajen likitan na fara jin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma lissafin ya haɗa da gishirin da ke ɓoye cikin dunƙulen magi da yajin tsire da kilishi da sinadarin da ke zuwa cikin ledar indomi, har ma da kanwar da muke sa wa miyar kuka da ɗanwake. Mahaifin maigida shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi har Allah Ya karɓi abinsa, don haka maganar ba ta zo mini da sauƙi ba.

Abin da na yi ba wani baƙon abinci na kawo gidan ba. Na rage magi na ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta, na rage man da ke kwanciya a saman miya, na riƙa yin tuwon dawa ko na alkama a madadin farar shinkafa da taliya kullum, ina haɗawa da miyar zogale ko ta alayyafo ko ɗanyar kuɓewa. Da rana nakan yi dambun zogale ko faten wake, da rani kuma, lokacin da kabeji da latas da karas na masu lambu suke araha a kasuwa, nakan yanka su a gefe.

Inda gizo ke saƙar, Hajiya, shi ne girki a gidanmu kwana bibbiyu ne. Ranar da tukunya take hannuna maigida yakan ci loma kaɗan ya ce miyar salam take, ya nemi a miƙo masa gishiri da yaji ya barbaɗa, wani lokaci ma ya fita bayan isha'i ya zauna wurin mai shayi, a soya masa ƙwai da indomi, a haɗa masa shayi mai kauri da madara da sukari. Ranar girkin abokiyar zamana kuwa, da yake ita ba ta sauya komai ba, sai ya cinye ya yi santi a gaban yara. Ba na ganin laifinta, domin mace ce mai kirki kuma yadda aka koya mata take yi, amma duk macen da ta zauna da kishiya ta san abin da ake nufi idan kwanon ɗaya yana dawowa wayam na ɗaya kuma yana dawowa da saura. Har magana ta fara zagayawa cikin dangi cewa ina tsimin kuɗin cefane ne, wasu kuma suna cewa boko ne ya hana ni iya girki.

Inna ma tana da nata ra'ayin, kuma ita ce wadda ba zan iya yi wa musu ba. A wajenta kwaɗon zogale da rama da tafasa abincin lokacin yunwa ne, abin da aka ci a ƙauye sa'ad da rumbu ya ƙare, kuma abin kunya ne ɗanta yana da rufin asiri a ajiye masa ganye. Da maigida ya ɗan faɗa a watannin farko, sai ta ce na ramar mata da ɗa, domin a ganinta tumbi alamar hutu ne. Shi kuwa idan na yi masa maganar cikin ɗaki, amsarsa ita ce tunanin kasuwa ne ya sa masa hawan jini ba gishiri ba, kuma ba wanda zai wuce kwanansa. Na yarda ajali na hannun Allah, amma na san addini ya umarce mu da riƙon sababi, kuma Manzon Allah (SAW) ya yi mana nuni da a kasa ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Sai dai ina jin nauyin in tsaya ina jawo wa mijina hadisi kamar mai yi masa wa'azi.

Yaran su ne suka fi tsaya mini a rai. Sun saba da lemon kwalba da biskit a kwandon makaranta, sun fara ƙyamar kunun gyaɗa da fura, kuma duk abin da suka ga mahaifinsu ya ture su ma turewa suke yi. Idan na hana nawa na bar na abokiyar zamana, na raba kan 'yan'uwa, idan kuma na hana duka, an ce na shiga hurumin da ba nawa ba.

Don haka nake roƙon ki ba ni shawara a kan hanyar da zan bi in jawo abokiyar zamana mu haɗa kai a kan tukunya ɗaya ba tare da ta ɗauka ina raina girkinta ba, domin na lura muddin girkinmu ya bambanta ba inda za a je. Shin ya dace in nemi maigida ya tafi da ita da Inna asibiti ranar da zai koma awo, su ji daga bakin likita, ko kuwa in nemi babban wansa, wanda yake jin maganarsa, ya sa baki? Ina tsoron kada kai maganar waje ya zama kamar na tona asirin gida. Haka kuma, idan akwai masaniyar abinci da za ki gayyato cikin shirin, ina so ta yi mana bayanin yadda ake janye gishiri da magi sannu a hankali har harshe ya saba, da abin da za a ba magidancin da ya saba cin nama da shan shayi da dare. Maigida yakan saurari shirinki a shago, kuma ina kyautata zaton zai fi karɓar maganar daga gare ku.

Allah Ya ƙara basira, Ya bar zumunci.

Taki mai sauraro a kullum,
daga Sabuwar Unguwa, Katsina.