Kafin a sayi leza, a tanadi teburin da ba ya girgiza

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun da Pierre Agostini da Ferenc Krausz da Anne L'Huillier suka karɓi kyautar Nobel ta fiziks a 2023, ɗalibai ke tambayar yadda ake ganin motsin ilektiron a cikin molekul. Da walƙiyar haske ta atosakan ake ganinsa. A raba sakan ɗaya gida biliyan, a sake raba kashi ɗaya gida biliyan, atosakan ke nan.

Ana tattara hasken leza mai tsawon zango nanomita 800 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) a kan iskar agon, cikin bututun da aka zuƙe wa iska. Ƙarfin hasken ya fizgo ilektiron daga atom, ya sake koro shi ya bugi mazauninsa, sai walƙiyar ta fita. Abin da ake samu bai fi kashi ɗaya cikin dubu ɗari na hasken da aka zuba ba, don haka ake sa fallen aluminiyam mai kaurin nanomita 200 ya tare ragowar. In ƙarfin leza ya wuce kima, ilektiron da suka kuɓuce su cika wurin, walƙiyar ta dusashe. In iskar waje ta kutsa, ta shanye walƙiyar.

Walƙiya biyu ake aikawa, ta farko ta tayar da ilektiron, ta biyu ta duba inda ya kai. Da haka aka ga caji na kai-kawo cikin molekul ɗin fenilalanin, ɗaya daga tubalan furotin, kusan kowane femtosakan 4 (atosakan dubu 4), a 2014. Sarrafa ilektiron ɗin ma ta wannan hanya ce: a sauya tazarar ko siffar zangon hasken, ilektiron ya karkata.

Tazarar da ke tsakanin walƙiyar biyu, wadda ake saitawa da madubi, ita ce damuwarmu. Madubi ya gusa da nanomita 15, lokaci ya sauya da atosakan 100. Girgizar janareta kaɗai ta isa ta ɓata awon, ballantana zafin Afrilu da ke buɗa ƙarfe, ko ƙurar hunturu da ke ƙonewa a kan madubi ta huda shi.

Saboda haka muna roƙon Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-Ma da kwalejin fasaha ta Daura su fara da ɗaki marar ƙura mai na'urar sanyi, wutar sola da batir, da tebur mai shanye girgiza. A ɗora na'urar Michelson, mai raba haske biyu ta sake haɗa shi da madubai, da ƙaramar leza ta hiliyam-niyon, mai nanomita 633, ɗalibi ya gusa madubi da nanomita 316 ya ƙirga layin haske ɗaya da ya wuce.

Wassalam,
Wasu malaman fiziks, Katsina.